Ɗakin Inji

Ranar da aka fara barina na hau matakalar ɗakin inji, a 1974, maigidana bai nuna mini inji ba. Hannu ya sa a aljihu ya zaro wani guntun tsohon fim da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ya ja ni muka sauko tsakar fili, ya ajiye shi a kan siminti, ya ƙyasta ashana. Kafin in ƙifta ido abin ya tashi fuu, da wuta ruwan ɗorawa da wani hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro. Ya dube ni ya ce, "Ka gani, yaro? Wannan ɗan yatsa ɗaya ke nan. Faifai guda ƙafa 2,000 ne. To, sai ka lissafa El-Duniya."

A lokacin babu ɗan Kano da sai an yi masa bayanin El-Duniya. Ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a wannan gidan silima, mutum 331 suka halaka. Binciken gwamnati ya nuna daga ɗakin inji ta faro, fim ya kama, wutar ta bi rufi. Fim na wancan zamani da sinadarin naitiret ake yinsa, dangin albarushi. Idan ya kama, ko cikin ruwa ka tsoma shi ba ya mutuwa, domin shi ke ba kansa iskar da yake ci da ita. Mutanen gari kuwa nasu bayanin daban ne, da yawa suka ce fushin Allah ne ya sauka a kan masu kallon abin da bai kamata ba. Tun farkon shekarun 1950 kamfanin Kodak ya daina yin irin wannan fim, aka koma wanda narkewa kawai yake yi. Duk da haka maigidana, wanda bokonsa bai yi nisa ba, bai taɓa ɗora faifai a inji ba sai ya ɗaga gefen fim ɗin ga haske ya nemo kalmar da kamfani ke bugawa, mai nuna ko wane iri ne. Guga biyu na yashi suna bakin ƙofa. Wanda ya shigo da sigari, ko ɗan mai gidan silimar ne, a matakala zai tsaya.

Yaran yanzu suna haɗa majigi da silima, alhali a wurinmu hanyarsu ba ɗaya ba ce. Majigi na hukuma ne. Mota ce ke zuwa da injinta da janareta, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, mai bayani ya riƙe lasifika yana fassara da Hausa, a nuna tsafta da allurar rigakafi da noman auduga da gyaɗa, kamar yadda aka yi a fim ɗin Baban Larai. Kyauta ne, hakimi ya zo, mata da yara su zo, ba mai zargin kowa. Silima kuwa kasuwanci ce ta Kwarori, sai ka biya ka shiga. Rex ce ta fara, a 1937, a wajen ganuwa, inda Turawa da baƙi suke. Da aka buɗe Palace a Jakara a 1952, cikin birni sosai, ƙasa da shekara biyu bayan El-Duniya, sai da aka yi ta jifan masu shiga. Wannan tabon bai taɓa gogewa ba. Har na bar aikin, matar aure ba ta taka gidan silima a Kano, kuma na san abokan aikina da aka hana su aure don an ji inda suke kwana. Abin yana yi mini ciwo har yau, domin na san irin natsuwa da amanar da aikin ke bukata.

Lokacin da na shiga, gidajen sun yawaita: Plaza da Wapa a Fagge, Orion a Ƙofar Wambai, ga Eldorado, ga Queens, daga baya ga Marhaba. Yawancinsu fili ne a buɗe, katanga huɗu da ƙaton farin bango, sai ɗan rufi a baya wajen kujeru masu tsada. Saboda haka rana ce ke ba da izinin fara fim. Sai duhu ya yi sosai. Da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shigo hannun ma'aikata a 1975, layin tikiti har kan titi, 'yan bulak masu sayar da tikiti a bayan fage suna cin kasuwarsu, mai shayi da mai tsire da mai rake kowa ya kafa.

Amma ni duk wannan ta wata 'yar taga nake hango shi, wadda ba ta fi tafin hannu biyu ba.

Inji biyu ne a ɗakin, kafaɗa da kafaɗa. Dalili kuwa shi ne fim yana gudu ƙafa 90 a minti ɗaya, hoto 24 a kowace daƙiƙa, don haka faifai guda minti 20 da 'yan kai yake yi. Fim ɗin Indiya mai awa uku faifai takwas ne ko tara. Wannan inji na aiki, kai kana zare wancan. Idan faifai ya kusa ƙarewa, sai ka kafa ido a kusurwar sama ta hannun dama ta bango. Wani ɗan ɗigo zai ƙifta, ka tayar da motar inji na biyu. Bayan daƙiƙa bakwai zuwa takwas na biyu ya ƙifta, ka sauya hoto da sauti lokaci guda. In ka yi daidai, mutum dubu suna zaune ba wanda zai san an yi komai. Wata shida na yi ina mayar da faifai baya da hannu, ina share ƙura, kafin a bar ni in yi wannan sauyi ni kaɗai. Daren da na yi, maigidana yana tsaye a bayana bai ce uffan ba, sai da aka tashi ya miƙo mini rabin goronsa.

Hasken kansa ba ƙwan lantarki ba ne. Sanduna biyu ne na kabon, baƙaƙe kamar gawayi, kaurinsu kamar fensir mai kauri. Ka haɗa bakinsu su taɓa juna, ka ɗan raba su, sai wuta ta tsaya a tsakani, fara fat, wadda ba a kallonta sai ta baƙin gilashi. Madubi mai lanƙwasa a baya ya tattaro hasken ya tura shi ta cikin fim. Sandunan suna cinyewa a hankali, kana binsu da ɗan mariƙi. Ka yi sakaci su goce, fuskar jarumi ta koma shuɗi-shuɗi ko ruwan ƙasa, nan take ka ji ihu daga ƙasa: "Ofareta! Ofareta!" Zafin ɗakin a watan Afrilu kuwa, sai wanda ya shiga. Da singileti muke aiki, tawul a wuya.

Sauti yana jikin fim ɗin, wani siririn layi ne a gefe mai kama da zanen haƙoran zarto, wata 'yar fitila ke karanta shi. Yana gaba da hotonsa da kamar hoto 20, saboda wurin karanta shi yana ƙasa da wurin haska hoto. In ka bar lanƙwasar fim ta yi yawa ko ta yi kaɗan wajen zarewa, motsin baki da magana ba za su zo daidai ba. A fim ɗin kaboyi ana iya yafe maka. A waƙar Indiya ba a yafewa.

Ga abin da ba kowa ya sani ba: kusan duk fim ɗin da Kano ta kalla tsoho ne. Kafin kwafi ya iso mana ya sha yawo a ƙasashe, ya zo ta Legas a hannun dillalan Kwarori, ya zaga Ibadan ko Kaduna ko Jos. Yana zuwa da tabo, da ƙarce kamar ana yayyafi a bango, ramukan gefensa sun yage, launinsa wani lokaci ya koɗe ya koma ja-ja. Aikin rana ke nan. Ka zauna a teburi, ka riƙe gefen fim tsakanin babban yatsa da manuni, kana juya faifai a hankali, yatsunka ne za su gaya maka inda ya tsage tun ido bai gani ba. Ka yanke, ka kankare gefe ɗaya da reza, ka shafa ruwan liƙi, ka danne, ka ƙirga goma. Kowane liƙi yana cin hoto ɗaya ko biyu. Wurin waƙoƙi ya fi ko'ina yawan liƙi, don a kowane gari akwai wanda ya yanki 'yan hotuna ya ajiye. Guntayen da muka zubar yara ke tsincewa. Su sami kwali, su huda, su cika mataccen ƙwan lantarki da ruwa ya zama gilashin ƙara girma, su haska tocila, ga majigi a zauren gidansu. Ni ma ta nan na fara.

Tsufan fim bai taɓa damun 'yan kallonmu ba. Mother India na 1957 ne, amma shekara ashirin bayan fitowarsa in aka liƙa fastarsa gidan zai cika, mutane suna faɗin magana kafin Nargis ta faɗa, ba tare da sun iya Indiyanci ba. Sun raɗa wa 'yan wasa sunaye: Dharmendra ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt daga baya ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Na daɗe ina tunanin dalilin wannan ƙauna, kuma a ganina ba wani abin ɓoye ba ne. Auren dole, biyayya ga iyaye, kunya tsakanin saurayi da budurwa, talaka da mai kuɗi, duk abin da ke cikin gidajenmu ne. Fim ɗin Canis, su Bruce Lee da Wang Yu, na samari ne masu tashen ƙarfi. Na Indiya kuwa har dattijo za ka gani a kujerun baya yana share ido da bakin hula. Daga wannan bangon karin waƙoƙi suka fita suka shiga bakin masu bandiri, labaran suka shiga littattafan soyayya, daga can suka shiga finafinan Hausa.

Dare ɗaya ba na mantawa da shi. Wani tsohon liƙi ya saki a daidai ƙofar haske, fim ya tsaya cak. Hoton da ya tsaya gaban wutar kabon ba ya daƙiƙa biyu. A bango sai aka ga fuskar jaruma ta kumbura, rami mai bakin ruwan ƙasa ya buɗe a tsakiya yana faɗaɗa. Wani daga cikin benci ya ƙwala, "Gobara!" Na ji ƙarar benci suna faɗuwa. Maigidana ya rufe marfin haske da hannu ɗaya, ya ce mini, "Kunna fitilun fili, yaro, kada ka yi gudu." Ya ɗauki makirufo, da muryar da yake kiran mai shayi da ita, ya ce, "Jama'a a zauna, fim ne ya tsinke, minti biyu." Aka zauna. Fim ɗin ba mai kamawa ba ne, hoto ɗaya kawai ya narke. Muka zare, muka ci gaba. Sai bayan an watse na ga hannunsa na rawa wajen rufe gwangwani. A daren ya gaya mini yayansa yana cikin mutanen El-Duniya.

Rushewar ba ta zo rana ɗaya ba. Bidiyo ya shiga gidajen masu hali, sannan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya naira, kwafin fim da sandunan kabon da kayan gyara kuwa duk da kuɗin waje ake sayensu. Muka koma haɗa guntayen kabon da ƙarfe don kada a zubar da ko inci ɗaya. Tsaro ya taɓarɓare, 'yan daba suka mayar da wasu gidajen nasu. Da fim ɗin Turmin Danya ya fito a 1990, finafinan Hausa na kaset suka biyo baya, jama'a suka dawo, har a kan rufe ƙofa saboda cika idan za a haska sabon fim kafin ya shiga kasuwa. Sai dai da na'urar bidiyo ake haskawa, wadda yaro zai danna ya koma ya zauna. Injinanmu aka lulluɓe su da buhu. A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 aka kafa hukumar tace finafinai. Palace ta riga ta zama asibiti. Wapa yau sunan kasuwar canji ne, yaran da ke ƙirga dala a wurin da yawansu ba su san daga ina sunan ya zo ba.

Gidan da na yi wa aiki, da magada suka sayar da shi, 'yan gwangwan aka kira. A kan sikeli aka auna injinan nan biyu. Gwangwanayen fim da ke sito aka zazzage, aka ɗauki ƙarfen, aka tara fim ɗin a bayan katanga aka cinna masa wuta. Ba wanda ya neme mu, mu da muka san abin da ke cikin kowane gwangwani. Na isa wurin toka na hayaƙi.

Shi ya sa labarin Shaihu Umar ya taɓa ni ƙwarai. Adamu Halilu ya yi fim ɗin a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Hausa, a kan fim na gaske irin wanda muke zarewa. An daɗe ana ɗauka ya ɓata. A 2016 aka gano faifansa cikin tarin gwangwanayen Hukumar Finafinai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Balin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Shekara arba'in yana kwance cikin zafi da ƙura, kuma ya tashi, saboda kawai ba a kira 'yan gwangwan ba.

Na tabbata akwai sauran irinsa a sito-sito na Kano da Kaduna da Zariya da Jos, a gidajen magadan masu silima da tsofaffin ofisoshin yaɗa labarai. Wanda ya ci karo da gwangwani, ya buɗe a inuwa, nesa da wuta. In ya ji tsami mai hawa hanci kamar ruwan kal, fim ɗin ya fara ruɓewa, a raba shi da sauran don yana harbinsu. In ya ga ya yi danƙo ko ya zama gari ruwan ƙasa, mai yiwuwa irin na El-Duniya ne, kada a ajiye shi cikin gida ko kwana ɗaya. Kada a warware shi a ƙasa, kada a wanke da ruwa. A rubuta abin da ke jikin marfin, a sa shi wuri mai sanyi marar laima, a nemi ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos.