Gwajin ƙwayoyin gado: Yadda ake gano musabbabin tawayar ƙwaƙwalwar ɗan tayi

Hoton ciki da ake yi wa mai juna biyu tsakanin mako na 18 da na 22 shi ne yakan fara nuna matsala a ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Alamar da aka fi cin karo da ita ita ce faɗaɗar kogunan ruwan ƙwaƙwalwa, wato idan faɗinsu ya kai milimita 10 ko fiye. Sai dai hoto siffa kaɗai yake nunawa. Gano dalilin tawayar aikin gwajin ƙwayoyin gado ne.

Hanyoyin ɗaukar samfuri

Hanyoyi biyu ne ke ba da tabbaci. Ana iya tsakurar mabiyiya tsakanin mako na 11 da na 14, ko kuma a zuƙo ruwan da ɗan tayi ke kwance a ciki da siririyar allura daga mako na 15. Dukkansu suna da ɗan haɗarin ɓari, wanda bai kai 1 cikin 100 ba a hannun ƙwararre.

Akwai kuma gwajin jinin uwa daga mako na 10, wanda ya samo asali daga binciken Farfesa Dennis Lo na 1997, da ya gano ɓurɓushin DNA na ɗan tayi a jinin mahaifiya. Wannan tantancewa ce kawai, don haka sai an tabbatar da sakamakonsa ta ɗaya daga hanyoyin biyu.

Abin da ake dubawa

Matakin farko shi ne ƙirga kuromosom, waɗanda 46 ne a jikin ɗan Adam. Ƙarin guda a lamba ta 13 yakan zo da ƙwaƙwalwar da ba ta rabu gida biyu ba. Mataki na biyu yana gano ƙananan guntayen da suka ɓace ko suka ninku. Na uku kuwa yana karanta ƙwayoyin gado kusan 20,000 domin neman kuskure a guda ɗaya.

Amfaninsa ga iyali

Sakamakon yana taimaka wa likitoci su tsara inda za a haihu da kulawar da jariri zai buƙata. Yana kuma bayyana makomar ciki na gaba. Idan uwa da uba suna ɗauke da ɓoyayyiyar tawaya iri ɗaya, kamar yadda aka sani a cutar sikila, yiwuwar maimaituwa 1 cikin 4 ce a kowane ciki. An fi samun hakan a auren zumunta.

Iyakar gwajin

Ba kowace tawaya ce ta gado ba. Cutar Zika, wadda ta haddasa haihuwar jarirai masu ƙananan kawuna a Brazil a 2015, da ƙwayar CMV da ƙarancin sinadarin folik asid duk suna lahanta ƙwaƙwalwa. Haka kuma sakamako mai kyau ba ya kore matsala gaba ɗaya. Shi ya sa likitoci ke zama da ma'aurata kafin gwajin da bayansa, su fayyace musu abin da zai iya nunawa da wanda ba zai iya ba.