Matuƙin jirgin yaƙin da ya fara sauka a Kano, da abin da tarihinsa ke faɗa mana mu mutanen bakin Rugu

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe.

Shekaranjiya da la'asar muna zaune a majalisa a nan Batsari sai jirgin yaƙi ya wuce ta kanmu, ya nufi yamma wajen Dajin Rugu. Kowa ya yi shiru har ƙararsa ta ɓace. Sai wani dattijo ya ce, "Allah Ya sa ya san wanda yake nema." Wani ɗalibina kuma ya juyo ya ce, "Malam, wai wa ya fara kawo jirgin sama ƙasar nan?" Na ce masa amsar tambayarsa da addu'ar Baba duk labari guda ne. Ga shi nan.

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano. A lokacin Sarki Usman ne ke kan gadon Dabo, a Katsina kuwa Sarki Muhammadu Dikko. Jiragen sun taso ne daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, suka bi ta Sudan da Chadi da Maiduguri. Samfurinsu DH.9A, jikinsu katako ne da ƙyalle, injin ɗaya, mutum biyu a kowanne, kuma babu rufi a kansu. Jagoran tafiyar wani hafsa ne mai shekara 30, sunansa Arthur Coningham.

An haife shi a Brisbane ta Ostireliya a 1895, ya tashi a New Zealand. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke ya shiga sojan ƙasa, amma zazzaɓin taifot ya kwantar da shi, aka sallame shi a 1916. Wani da sai ya ce ta nono ta fid da shi, ya koma gida ya huta. Shi kuwa sai ya biya kuɗin jirgin ruwa daga aljihunsa ya tafi Ingila ya koyi tuƙin jirgin yaƙi. Kafin ƙarshen shekarar yana fagen daga a Faransa.

A 1917 aka ba shi lambobin yabo biyu, MC da DSO. MC lamba ce ta hafsan da ya nuna jarumta gaba da gaba da abokan gaba, DSO kuwa ta fi ta daraja, ta wanda ya yi fice wajen jagoranci a tsakiyar wuta ce. A watan Yulin shekarar aka ji masa rauni a sama. Ya warke ya dawo a 1918 yana shugabantar runduna ta 92, yana ɗan shekara 23. A watan Agusta aka sake raunata shi, bai bar fagen ba. An lissafa masa jiragen Jamus 14, wasu shi kaɗai wasu tare da abokan aikinsa, aka ƙara masa da DFC, lambar jarumtar matuƙa jirgi. Tafiyar Kano kuma ita ta kawo masa ta huɗu, AFC, wadda ake bayarwa kan bajintar tuƙi ba a fagen yaƙi ba. Ku tuna fa, a Yaƙin Duniya na Ɗaya matuƙan Ingila ba su da lemar dira. In jirginka ya kama da wuta, shi ke nan.

To amma kada mu yi tuya mu manta da albasa. Wannan jarumi ma'aikacin mulkin mallaka ne. A 1922 yana Mosul a arewacin Iraƙi da runduna ta 55, a zamanin da Ingila ta ga tura sojan ƙasa ya yi mata tsada, ta koma ladabtar da masu bore da bam daga sama. Ƙauyukan Kurdawa sun sha wannan wuta. Lambar da aka maƙala masa a ƙirji a Landan, mutumin da jirgi ya rushe wa gida ba zai kalle ta da ido ɗaya da mai bayarwa ba. Mu da muke kwana a ƙarƙashin jirgi mun fi kowa gane wannan.

Hanyar da ya buɗe a 1925 ta yi rana a yaƙin Hitila. Daga Satumbar 1940 Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa tashar ruwa ta Takoradi a Gana, a harhaɗa su, su taso ta Legas da Kano da Maiduguri da Sudan har Masar. Jirage sama da 5,000 suka bi wannan hanya. Wa ke jiran su a can? Coningham ne da kansa, domin daga 1941 shi ke jagorantar rundunar saman Ingila a hamadar Masar da Libiya, inda ake gwabzawa da Janar Rommel na Jamus.

A nan ne ya yi aikin da masana tarihin soja suka fi tunawa da shi, fiye da lambobin nan huɗu. Ya tarar sojan ƙasa da na sama kowa na cin gashin kansa. Sojan ƙasa zai nemi agaji, kafin saƙo ya bi ofis-ofis jirgi ya iso, abokin gaba ya daɗe da tashi. Wani lokacin ma jirgi ya zo ya jefa wa nasa. Sai ya kafa hedikwatarsa daf da ta sojan ƙasa, kwamandojin biyu na ganin juna safe da yamma. Aka sa masu rediyo a cikin dakarun da ke gaba, suna aiko da bayanin abin da idonsu ya gani. Aka riƙa shata layi a taswira, ana sabunta shi, matuƙi ya san daga ina zuwa ina aka yarje masa ya saki bam. Da wannan tsari aka ci yaƙin El Alamein a ƙarshen 1942, aka ba shi sarautar Sir. Amurka ta kwaikwayi tsarin ta sa a littafin dokokin yaƙinta a 1943. A 1944 shi ya jagoranci jiragen da suka rufa wa sojan Ingila da Kanada baya a Normandi.

Ƙarshensa ma abin a jinjina ne. Ya yi ritaya a 1947. Ranar 30 ga Janairu, 1948, ranar da aka kashe Gandhi a Indiya, yana cikin jirgin fasinja mai suna Star Tiger da ya ɓace a teku kafin ya isa Bermuda. Har yau ba a ga ko ɓallinsa ba. Mutumin da harsashi ya samu sau biyu a sama bai mutu ba, sai a kujerar fasinja. Kwana in ya ƙare babu makawa.

Yanzu mu dawo gida. Mu ma muna da jarumai a sama, kada wani ya ce na tsallake namu. Ranar 18 ga Yuli, 2021, 'yan bindiga suka harbo jirgin Alpha Jet a kan iyakar Zamfara da Kaduna. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya yi tsalle da lema, ya ɓuya a ƙauyukan da ke kusa har rana ta faɗi, sannan ya bi dare yana duba hanya a wayarsa har ya kai sansanin soja. Wannan jarumta ce ko a gaban wa. Kuma mu da muka ga abin da ya faru a Tsauwa da Dankar a watan Fabrairun 2020 ba za mu ce ba ma son jirgi ba. Sau nawa ƙararsa kawai ta sa mahara suka juya da baburansu?

Sai dai wallahi akwai ɗaya gefen. Daren 3 ga Disamba, 2023, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta Igabi, mutum sama da 80 suka rasu. A Fabrairun 2025 a nan maƙwabtanmu, yankin Zakka ta Safana, harin sama da aka kai bayan 'yan bindiga sun far wa jami'an tsaro ya rutsa da mutanen gari, har rundunar sojin sama ta ce za ta yi bincike. Daga can sama, ayarin babura na 'yan kasuwa da na ɓarayin daji kamarsu ɗaya. Taron biki da taron mahara kamarsu ɗaya. Mai iya bambancewa yana ƙasa: mai unguwa, manomin da ya san kowace burtali, ɗan sa-kai, sojan da ke Runka ko Ruma.

Shi ya sa nake ganin abin da ya kamata mu riƙa tambayar wakilanmu a Katsina da Abuja ya wuce "jirage nawa aka sayo?" Mu tambaye su: in mutumin Wagini ya ga mahara da tsakar rana, wa zai kira, kuma minti nawa saƙonsa zai yi kafin ya kai kunnen matuƙi? Wa ke tabbatar da bayanin kafin a saki bam, don kada wani ya yi amfani da jirgin gwamnati ya rama gabarsa? Wa ke kare sunan mai ba da labari daga masu kai tsegumi daji? In jirgi ya tarwatsa sansani, akwai sojan ƙasa da zai shiga ya riƙe wurin, ko bayan kwana uku masu shi za su dawo su huce a kanmu? In kuma an yi kuskure, a fito da sakamakon binciken, a biya diyya. Matuƙin da ya hango mata da yara ya fasa sakin bam ya koma da kayansa, shi ma a ba shi lamba a bainar jama'a, don na baya su san ana ƙirga wannan a cikin jarumta.

Bature ya gano wannan a hamadar Libiya shekara 80 da suka wuce, da rediyon da ko kusa bai kai wayar da ke hannunka ba. Ba abin da zai gagare mu ba ne in an so.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, sojoji da farar hula. Allah Ya kare matuƙanmu, Ya daidaita musu hannu, Ya dawo mana da zaman lafiya mu koma gonakinmu. Wanda yake da gyara ko ƙarin bayani, musamman 'yan uwanmu na Safana, bismillah.