Daga Ikko Zuwa Ankara: Tafiyar Awa Guda Da Tarihinta

Yau ina so mu ɗan waiwayi tarihin wata hanya da ta shafe mu mu Hausawa mazauna Kurmi, wato hanyar Legas zuwa Accra, garin da iyayenmu ke kira Ankara.

Tsakanin biranen biyu ta sama kimanin kilomita 400 ne kacal, bai kai rabin nisan Legas zuwa Kano ba. Jirgi kan yi kusan awa guda. Da yake agogon Ghana na bayan namu da awa ɗaya, in ka tashi Ikeja ƙarfe tara, kusan ƙarfe taran za ka tarar a can.

Kakanninmu fatake ba ta nan suka fara bi ba. Ayarinsu kan tashi daga Kano da jakai, a yi watanni kafin a isa Salaga ta ƙasar Gwanja a sayo goro. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, yaƙin da sojojin Hausa na Glover suka je daga Legas, sai kasuwar Salaga ta soma ja da baya, goro ya koma bin bakin teku. Ana loda shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, kuma da dogo ya isa Kano a 1911 sai jirgin ƙasa ya riƙa ƙarasawa da shi Arewa. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka yi wannan fatauci. Shi ya sa har gobe gidaje da dama a zangunanmu ke da dangi a Nima ko Sabon Zango.

Jirgin sama ma tare muka fara shi. A 1946 aka kafa kamfanin WAAC, na haɗin gwiwar Nijeriya, Gwalkwas, Saliyo da Gambiya, kuma kuɗin da ake kashewa iri ɗaya ne. Ghana ta sami 'yanci a 1957, a 1958 ta kafa nata kamfanin, aka raba gari.

Daga nan ne fa hanya ta soma nisa. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, har da waɗanda aka haifa a zango ba su taɓa ganin Nijeriya ba. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin haka, 'yan Ghana kimanin miliyan ɗaya suka koma gida, duk da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta ba da damar shiga ba biza na kwana 90. Mai bin mota kuwa sai ya tsallake iyaka uku, ta Binin, ta Togo da ta Ghana, kowacce da nata shingen.

A ganina, darasin a nan namu ne. Baƙo ko ya shekara hamsin a gari, ranar da siyasa ta juya takarda ake tambayarsa. Don haka mu yi wa 'ya'yanmu takardar haihuwa, mu mallaki fasfo da katin ɗan ƙasa, mu adana takardun gida da na shago. Mu kuma nemi danginmu na Ghana tun dattawan da suka san su suna raye, domin zumunta a ƙafa take.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, amin.