Tarihin Bakteriya Masu Cin Gubar Benzin a Ruwa

Benzin, fenol da toluwin 'yan gida ɗaya ne. Kowannensu na ɗauke da zobe mai ƙwayoyin kabon shida, zobe mai taurin kai da ba ya ɓallewa da sauƙi. Daga fetur, kwalta da dagwalon masana'antu suke shiga ruwa, kuma benzin kan jawo sankarar jini.

Sai dai ƙasa ta daɗe da sanin wannan zobe, domin akwai irinsa a jikin itace, kuma bakteriya ba su taɓa daina cin ruɓaɓɓen itace ba. A 1928, Gray da Thornton na cibiyar Rothamsted a Ingila suka ware bakteriyar ƙasa masu rayuwa a kan fenol da naftalin. An ga suna ci, amma ba a san da wane haƙori suke tauna ba.

Amsar ta zo a 1955 daga Osamu Hayaishi, ɗan Japan da ke aiki a Amurka. Ya ba wani sinadarin bakteriyar Pseudomonas iskar oksijin mai nauyi, wadda za a iya bin sawunta, sai ya tarar da ita cikin ɓallallen zoben. Ashe daga iska kai tsaye ake ɗauko oksijin a cusa wa zoben har ya buɗe, abin da ya rage kuma ya zama abinci. Wannan gwaji ya cancanci yabo fiye da yadda ake yi masa.

A 1972 aka gwada wannan ilimi a fili, bayan bututun fetur ya fashe a Ambler ta jihar Pensilbaniya. Richard Raymond, mai aikin tsabtace ruwan, bai kawo wata baƙuwar ƙwaya ba. Iska da takin naitrojin da fosfat ya tura cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, bakteriyar wurin suka yi aikin. Ƙwayar da Ananda Chakrabarty ya haɗa a ɗakin gwaji kuwa ta yi suna a Kotun Ƙolin Amurka a 1980, amma ba ta fita fili ba.

To, ina batun wurin da iska ba ta kaiwa? Bayan fashewar bututun ɗanyen mai a Bemidji ta Minesota a 1979, masana suka ga guba na raguwa ko a can ƙasa. A 1989 Derek Lovley da abokan aikinsa suka nuna cewa akwai bakteriya masu numfashi da tsatsar ƙarfe, suna cinye toluwin ba tare da oksijin ba.

Aikin bakteriyar dai yana da nawa, ƙishirwa kuma ba ta jira. A 2011 Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoton cewa ta auna rijiyoyin Nisisioken Ogale a ƙasar Ogoni, ta sami benzin ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, mutane kuwa daga nan suke ɗiban ruwan sha.