Baƙon Malami da Izinin Zama a Ƙasar Katsina

Tun zamanin da, baƙon malami ba ya sauka a ƙasar Hausa ya kafa makaranta sai da yardar masu ƙasa. Wannan al'ada ba ta sake ba har yau. Abin da ya sake shi ne wurin da iznin ke fitowa, da kuma tsawon lokacin da a kan yi ana jiransa.

A ƙauyukan yammacin Katsina, kamar Runka da ke bakin dajin Rugu, in kaka ta wuce malami ya iso da almajiransa, sai ya nemi gidan mai unguwa. Mai unguwa ya kai shi gaban dagaci, a tambaye shi garin da ya fito, da wurin wanda ya yi karatu, da abin da ke tafe da shi. In an gamsu, sai a ba shi masauki da zauren da zai karantar, maƙwabta su riƙa aika masa da tuwo. In kuwa babban malami ne, a kan sanar da hakimi, watau Yarima a Safana ko Sarkin Ruma a Batsari. Duk wannan ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu, domin mai nema da mai bayarwa suna duban juna ido da ido, kuma 'ya'yan mai bayarwa suna cikin yaran da za a karantar.

Haka abin yake a birni ma. Wajen shekarar 1493 Shaihu Muhammadu al-Magili, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya, ya zo Kano da Katsina. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya karɓe shi, har Shaihun ya rubuta masa littafi a kan yadda a ke riƙon sarauta. Bayansa wani malami ya zo, wanda Katsinawa ke kira Ɗantakum, ya zauna a birnin Katsina, aka naɗa shi alƙali, ya rasu wajen 1529. Waɗannan mutane ba su riƙe wata takardar shiga ƙasa ba. Ilminsu shi ne shaidarsu, maganar sarki kuwa ita ce izninsu.

Sarki yana da ikon hanawa kamar yadda yake da ikon bayarwa. A 1900 wasu Turawan mishan guda biyar, a ƙarƙashin Bishof Tugwell, cikinsu har da Likita Miller, suka isa Kano suna neman su zauna su yi magani su karantar. Sarkin Kano Alu ya ƙi, ya ce su fita daga garinsa cikin 'yan kwanaki. Amsa ce mai ɗaci, amma sun same ta nan take, suka san inda suka dosa.

Da Turawa suka ci ƙasa a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin addininsu ba. Daga nan sai izni ya koma takarda. Turawan da gwamnati ta ɗauko da kanta, irin waɗanda suka karantar a Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, ba su da wata matsala, domin ma'aikatanta ne. Amma ɗan mishan da ke son fili ya gina makaranta sai ya rubuta wa Di'o, Di'o ya miƙa wa Razdan, Razdan ya ji ta bakin sarki, sa'an nan a aika Kaduna. Likita Miller ya sami zama cikin birnin Zariya a 1905, amma daga baya aka mai da mishan ɗinsa Wusasa, bayan gari. Ƙungiyar S.I.M. kuwa ta yi wajen shekara talatin tana jira kafin a buɗe mata ƙofar ƙasashen sarakunan Musulmi. A ƙasar Katsina ta hanyar jinyar kutare ta shiga, lokacin da aka danƙa mata zangon kutare na Babbar Ruga, a kan hanyar Batsari, wajen 1937, da sharuɗɗa masu tsanani a kan inda za ta yi wa'azi da wanda za ta karantar.

Malaman Musulunci na ƙasashen waje ma ba su tsira daga wannan tankaɗe ba. Turawa suna tsoron malaman Masar, don kada su shigo da ra'ayin ƙin mulkin mallaka. Saboda haka da aka kafa Makarantar Shari'a ta Kano a 1934, sai aka ɗauko malamanta daga Sudan, ƙasar da ita ma ke hannun Ingilishi a lokacin, Shaihu Bashir al-Rayya yana shugabansu. A 1947 aka mai da ita Makarantar Ilmin Larabci. Alƙalai da malamai da yawa na Arewa a nan suka yi karatu, cikinsu har da Shaihu Abubakar Mahmud Gumi.

A 1958 aka cire aikin shige da fice daga hannun 'yan sanda aka yi masa ofishinsa dabam, a 1963 kuma aka kafa masa doka. Tun daga sa'an nan izni ya bar hannun sarki da Razdan, ya koma Ikko, daga baya Abuja. Ƙa'idar ita ce, wanda zai ɗauki baƙo aiki shi ne zai nema masa gurbi wurin ma'aikatar harkokin cikin gida. In an ba da gurbin, baƙon ya karɓi biza a ofishin jakadancin Nijeriya na ƙasarsu. In ya iso, sai ya nemi takardar zama, wadda ke da wa'adi, in ya cika a sabunta. Ko wane mataki yana jiran na bayansa, saboda haka in takarda ɗaya ta kwana a kan tebur, sauran duka sun tsaya.

Nauyin wannan tsari ya bayyana bayan 1976, lokacin da aka fara ilmin firamare kyauta ga kowa. Makarantu suka yi yawa, malamai suka yi kaɗan, sai gwamnatocin Arewa suka ɗauko malaman lissafi da kimiyya da Larabci daga Indiya da Pakistan da Masar da Filifin. Mutanen Gana kuwa da kansu suka riƙa zuwa, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta yarda wa ɗan Afirka ta Yamma ya shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. To, amma iznin shiga dabam, iznin aiki dabam. Da yawa daga cikinsu suka kama karantarwa, kwana 90 ya wuce, takardunsu ba su daidaita ba, ba wanda ya kula muddin kuɗin man fetur na shigowa.

Da kuɗin suka ja baya, sai aka tuna da takardu. Ran 17 ga Janairu, 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, Ministan Harkokin Cikin Gida Alhaji Ali Baba ya ba da sanarwa cewa duk baƙon da ba shi da cikakkiyar takarda ya bar ƙasar cikin mako biyu. Daga baya aka ƙara wa masu sana'ar ilmi, irin su malamai, wa'adi zuwa ƙarshen Fabrairu. Mutanen Gana wajen miliyan ɗaya suka tashi, a tsakiyar shekarar karatu. Ba wannan ne farau ba, domin a Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta yi wa baƙinta irin wannan, ita ma da wa'adin mako biyu, aka koro 'yan Nijeriya da Nijar masu yawa, har da Hausawan zango waɗanda aka haifa can.

Babu ƙasar da za ta bar ƙofarta a buɗe ba mai gadi, kuma binciken wanda za a danƙa wa yara wajibi ne. Dagacin Runka ma yana bincike. Bambancin shi ne, dagaci ya san yaran da ke jira, ya san iyayensu, alhali akawun da takarda ke gabansa a babban birni bai taɓa ganinsu ba. Malamin da aka jinkirta wa takarda yana iya komawa ƙasarsu ya nemi wani aiki. Yaron da ya yi wata uku ba malamin lissafi kuwa, ranar jarrabawa ba a ɗaga masa ita, kuma wata ukun nan ba ofishin da zai mayar masa da su.