Tarihin Ladubban Taimakawa a Buɗaɗɗun Manhajojin Makafi

Manhajar karanta allo ita ce ke bai wa makaho damar aiki da kwamfuta. Tana bin abin da ke rubuce a fuskar na'urar, ta furta shi da murya, ko ta aika shi ga wata 'yar na'ura mai tsiro da ɗigogin rubutun Braille a ƙarƙashin yatsu. A shekarar 1986 kamfanin IBM ya fitar da irin wannan manhaja, wadda Jim Thatcher ya jagoranci aikinta. Bayan shekara uku sai JAWS ta bayyana daga kamfanin Ted Henter, ɗan tseren babur Ba'amurke da ya makance a haɗarin mota a 1978. Lokacin da ta koma kan Windows a 1995, ita ta mamaye kasuwa. Matsalarta kuɗi ne, domin farashinta ya kai wajen dala dubu, wato sau da yawa ya zarce na kwamfutar da za a ɗora ta a kai. A ƙasashe masu arziki gwamnati ko wurin aiki kan biya. A sauran wurare kuwa, makaho ko dai ya haƙura, ko ya nemi ta bayan fage.

Tun a wancan zamani akwai makafi masana kwamfuta da ke rubuta wa kansu abin da suke buƙata, su kuma saki tushen rubutun kowa ya gani ya gyara. T. V. Raman, ɗan Indiya mai karatu da aiki a Amurka, ya fitar da Emacspeak a 1995. John Boyer, wanda makaho ne kuma kurma, ya kafa liblouis mai juya rubutu zuwa Braille, ya raɗa mata suna don tunawa da Louis Braille. Waɗannan ayyuka na masana ne, talaka bai iya shiga cikinsu kai tsaye ba, amma sun kafa wani abu da ya ɗore: mai rubuta manhajar da mai amfani da ita mutum ɗaya ne, don haka kuskure ba labari ba ne a wurinsa, a jikinsa yake jin sa.

A watan Afrilun 2006 wani matashi makaho ɗan Ostireliya, Michael Curran, ya fara rubuta manhajar karanta allo ta Windows da harshen Python, ya kira ta NVDA. Ba da jimawa ba abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya shigo. Tun suna yara suka san juna a wani sansanin koyon kiɗa na makafi. A 2007 suka kafa ƙungiyar agaji mai suna NV Access domin riƙon aikin, kuma tallafin gidauniyar Mozilla ya bai wa Teh damar mayar da shi sana'arsa ta kullum a 2008. An saki manhajar kyauta ƙarƙashin lasisin GPL, ana iya ma ɗora ta a filashi mutum ya shiga shagon intanet da ita a aljihu. Daga nan jama'a suka fara kwararowa da hannun taimako, wasu makafi, wasu masu gani, kuma a nan ne aka fara jin buƙatar tsari.

Ladabi na farko ya taso ne daga haɗarin da ke cikin aikin. Idan manhajar zane ta lalace, mai ita yana ganin saƙon kuskure, ya rufe ta ya buɗe wata. Idan manhajar karanta allo ta yi shiru, kwamfuta gaba ɗaya ta mutu ga mai ita: ba zai ji abin da ya faru ba, ba zai iya neman gyara ba, sai ya jira mai ido. Ma'aikacin da ke cin abinci da na'urar ya yi asarar yini ke nan. Shi ya sa gyara a NVDA ba ya shiga hannun jama'a kai tsaye. Yakan fara zama a fitowar gwaji ta farko wadda 'yan sa kai ke amfani da ita da sanin haɗarinta, sannan ta biyu, sannan a sake shi. Sabon mai taimako yakan ga wannan a matsayin jan ƙafa, amma masu riƙon aikin sun san abin da suke tsoro, kuma suna da gaskiya.

Daga wannan tushe ne aka samu ƙa'idar cewa a tattauna kafin a rubuta. Wanda yake son canza wani abu zai fara bayyana matsalar a rumbun aikin, wanda ya koma GitHub a 2015, ya jira a amince cewa matsala ce kuma ga hanyar da ta dace, kafin ya ɓata makonni yana rubutu. An yi haka ne saboda masu duba gudummawa 'yan kaɗan ne, kuma duk layin da suka karɓa su ne za su ci gaba da kula da shi bayan mai shi ya kama gabansa. Akwai kuma dalili mai zurfi. Gogaggen mai amfani yana sauraren murya da gudun da baƙo ba zai tsinci kalma ɗaya ba, yatsunsa kuma sun haddace maɓallai ɗaruruwa. Canza maɓalli ɗaya, ko ƙara kalma biyu ga abin da ake furtawa a kan kowane mahaɗi, kamar a sauya wa makaho wurin kujeru ne a ɗakinsa ba a gaya masa ba. Abin da mai gani ya ɗauka gyara ne yana iya zama nauyin da wani zai ji sau dubu a rana.

Kai rahoton matsala ma ya samu siffarsa. Ana son mutum ya faɗi matakan da ya bi ɗaya bayan ɗaya, abin da ya zata zai ji, abin da ya ji a zahiri, wace fitowar NVDA da wace Windows yake amfani da su, da kuma ko matsalar tana nan idan an kashe ƙarin manhajojin da ya ɗora. Hoton allo shi kaɗai ba shi da amfani ga mai gyaran da ba ya gani, don haka a rubuce ake bayani, a haɗa da kundin da manhajar ke ajiyewa na abin da ya gudana. Ga masu gani an tanadi wata taga mai nuna a rubuce duk abin da muryar ke faɗa, sai dai tsofaffin hannu kan ba su shawarar su ajiye linzami su gwada da maɓallai kaɗai. Ko hakan bai mayar da mutum masanin rayuwar makaho ba, kuma wanda ya rufe ido na minti goma ya zo yana koya wa masu shekara ashirin a kan abin yadda ya kamata su ji, shi ne baƙon da aka fi ƙosawa da shi. Taken masu fafutukar haƙƙin nakasassu, cewa kada a yanke komai a kansu ba tare da su ba, a nan ya zama tsarin aiki na yau da kullum.

Fassara ita ce ƙofar da mafi yawan mutane suka shigo ta cikinta. 'Yan sa kai sun juya NVDA zuwa harsuna fiye da 50, kuma aikin ya wuce juya kalmomi, domin kowane harshe yana buƙatar a tsara yadda za a kira alamomin rubutu da yadda za a bambance haruffa masu kama da juna a kunne. Saboda haka aka wajabta wa mai rubuta manhaja ya bar ɗan bayani ga mafassara a saman kowace jimla da za a furta, ana kuma daina taɓa jimlolin idan fitowa ta kusa, don kada a rushe aikin da mutane suka yi a lokacin hutunsu. Muryar da ta zo tare da NVDA, wato eSpeak ta Jonathan Duddington, da gyaran masu harsuna ta girma, kuma lokacin da aka daina jin ɗuriyarsa Reece Dunn ya ci gaba da ita da sunan eSpeak NG.

Abin da ya sami Orca, takwarar NVDA a kan Linux, ya ƙara nuna muhimmancin tausaya wa masu riƙon aiki. Kamfanin Sun ne ya raine ta, Willie Walker na jagoranta. Da kamfanin Oracle ya sayi Sun a 2010 aka sallami ma'aikatan sashen, nauyin ya faɗa kan Joanmarie Diggs, wadda ta riƙe shi shekara da shekaru, daga baya a ƙarƙashin kamfanin Igalia. Manhajar da dubban mutane suka dogara da ita tana iya rataya a wuyan mutum ɗaya, kuma fushin mai amfani, ko da yana da hujja, a kan wannan mutumin yake sauka.

NVDA ta ci gaba da girma bayan Teh ya koma Mozilla a 2017. A binciken da ƙungiyar WebAIM ta yi wa masu amfani da manhajojin karanta allo a 2019, masu cewa ita ce babbar manhajarsu sun ɗan zarce na JAWS a karon farko. Komawa Python 3 a fitowar 2019.3 ta karya ƙarin manhajoji da yawa waɗanda 'yan sa kai suka rubuta, mutane suka sha wahala. Tsarin da aka zauna a kai bayan haka shi ne a tara irin waɗannan canje-canje a fitowar farko ta kowace shekara, a kuma sanar tun da wuri domin marubuta su shirya. Aikin yana da rubutacciyar ƙa'idar ɗabi'a ga duk mai shiga, kuma a fitowar 2023.2 aka buɗe rumbun ƙarin manhajoji a cikin NVDA kanta, inda kowace ke ɗauke da sunan mawallafinta da bayanin fitowar da aka gwada ta da ita.