Gadar Abul Munajja: Sunan da Waziri Ya Kasa Sharewa



A arewacin Alƙahira, a yankin Ƙalyubiyya, akwai wata tsohuwar gada ta dutse mai baka shida, irin abin da maginanmu ke kira bakan gizo. Na fara cin karo da labarinta ne a Khiɗaɗ na Maƙrizi, kuma abin da ya riƙe ni shi ne sunanta.

A shekarar 506 bayan Hijira (1113), zamanin Faɗimiyyawa, manoman Sharƙiyya suka koka cewa ruwan Nilu ba ya isa gonakinsu. Sai waziri Al'afdal ya ba da umarnin a haƙa musu magudana, aka ɗora aikin a wuyan wani ma'aikaci Bayahude, Abul Munajja. Ruwa ya isa, gonaki suka rayu. Waziri ya so a kira magudanar da sunansa, amma bakin talakawa ya ƙi, kowa sai "kogin Abul Munajja". Wannan, haɗe da ɗimbin dukiyar da aikin ya ci, ya fusata shi har ya tsare mutumin a Iskandariyya shekaru. A ganina, kishin sunan ya fi kuɗin yi masa ciwo.

Fiye da shekara 150 mutane na ƙetare ruwan nan da jirgin fito, har zuwa 665 (1266) da Sarki Baibars ya gina gadar. Ku tuna, Baibars bawa ne da aka sayo, ya zama ɗaya daga cikin jagororin da suka karya Tattar a Ainu Jalut a 1260. Ba manoma kaɗai ya duba ba, domin hanyar rundunarsa zuwa Sham ta nan ta bi. Ya sa aka sassaƙa jerin zakuna, tambarinsa, a fuskar gadar ta arewa. Da ta tsufa, Sarki Ƙaitbai ya sabunta ta a 892 (1487), shi ma ya bar sunansa a jikin dutsen.

Yanzu magudanar ta ƙafe, gadar tana tsaye a tudu, gidaje sun matso kusa da ita. Zakunan Baibars suna nan, iska da shekaru sun ci fuskokin wasunsu. A littattafan tarihi da takardun hukumar kayan tarihi ta Masar kuwa, har gobe Ƙanɗaratu Abil Munajja ake rubutawa.